Farin Allon Don Eleuterio

Shebur ɗina ya daki wani abu mai tauri a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ya yi ƙara ƙwas. Na ɗauka dutse ne. Na sake kwasa na watsar gefe, na sake kwasa, har abin ya fito fili: katako ne fari mai kusurwa huɗu. Hannuna bai tsaya ba, don ya riga ya saba. Na kankare shi tas da bakin shebur, kamar yadda nake kankare bakin ƙofata kowace safiya. Sai a lokacin na ji ana dukan gilashin taga ta bayana.

"Nibaldo! Allon ne! Wayyo ni, allon ne ka share!"

Doña Fresia ce, matar maƙwabcina Don Eleuterio. Ta buɗe ƙofa ta tsaya da silifas a ƙafa, mayafin ulu a ka, hannu biyu a kunci. Na duba agogona. Ƙarfe takwas da minti talatin da biyar. Gari bai gama wayewa ba, don a hunturunmu rana na makara, kuma dusa na ta sauka shiru, ba iska, kamar yadda take yi tun hantsin jiya.

"Hanyar rumbun itace nake fitar miki," na ce. "Ban ga jan ƙyallen da ke alamta allon ba."

"Ina za ka gan shi? Dusa ta binne sandar gaba ɗaya."

Duk ƙauyenmu an san allon nan. Shekara talatin da takwas ke nan Don Eleuterio Cárcamo yana ajiye shi a tsakar gidansa, nesa da bango, nesa da bishiya. Kowace safiya ƙarfe tara daidai yakan fito da rularsa ta ƙarfe, ya soka ta a dusar da ta taru a kan allon, wuri uku, ya rubuta a littafi. Daga nan ya share allon, ya ɗora shi a kan tsohuwar dusa, don gobe ya san abin da ya sauka sabo. Ranar da babu dusa, ya rubuta sifili. Littattafan sun cika kwali biyu a ƙarƙashin gadonsa, kuma babu layi ko ɗaya da aka tsallake. Ni ne yanzu na kwashe abin da ya taru a kwana guda, a ranar da ya fi kowace rana jira, saura minti ashirin da biyar a auna.

Tun watan Mayu likitocin Coyhaique suka sallamo shi gida. Ciwon daji ne a huhu, suka ce ba sauran abin yi. Aka ja masa gado zuwa gindin taga, inda yake ganin tsakar gida. Da ƙafa ta daina ɗaukarsa, Doña Fresia ta karɓi rula, shi kuma yana kwance yana ƙwanƙwasa gilashi idan ta karkata ta.

Ni ban taɓa damuwa da awon nasa ba. Abin da ya haɗa ni da shi tsoro ne. Ni mutum ne mai tsoron komai: kada bututun ruwa ya daskare, kada rufi ya rufta, kada wani ya zame a bakin ƙofa. A wannan hunturun kuwa 'yata Ximena ta dawo gida da ciki wata takwas, asibiti kuma yana kilomita sittin daga nan. Kullum sai na leƙa wurin tsohon na tambaye shi labarin sama. Shi ya sa ya laƙaba mini Sarkin Tsoro.

Ranar Lahadi na same shi da waya a ƙirji, yana kallon taswirar gizagizai. Suna da wani zaure a waya, su kusan arba'in, masu bin dusa kamar yadda wasu ke bin ƙwallo. Akwai malamai, akwai direbobi, akwai makiyaya. Gardama ta kaure a ranar. Wani direban babbar mota, Chalo, ya dage cewa ruwa ne kawai zai zo.

"Chalo jaki ne," Don Eleuterio ya ce, yana numfashi da ƙyar. "Sanyi zai shigo daga kudu ranar Talata ya zauna. Laima ta biyo shi daga teku ranar Laraba. In suka haɗu a kanmu... Miƙo mini mate, tsohuwa."

Doña Fresia ta cika ƙoƙon mate, ganyen shayin da muke tsotsa da bututu, da ruwan zafi ta miƙa masa. Ya tsotsa kaɗan, ya ba ni.

"Ka kai yarinyar nan gari gobe, Sarkin Tsoro. Wannan karon tsoronka yana da dalili."

"To kai fa? Akwai wuri a mota. Mu tafi tare, ka zauna kusa da asibiti."

"In je ina? Kusan shekara talatin ina jiran baƙuwa, sai ta zo ta tarar na fita?"

"Ba baƙuwa yake jira ba," in ji Doña Fresia. "Ni yake so ya kayar."

Wannan tsohon zance ne a tsakaninsu. Adadi mafi girma a duk littattafan, santimita sittin da ɗaya a kwana guda, a watan Agusta na 1995, tsakiyar hunturunmu, ba shi ya auna ba. A lokacin yana tuƙa katafila a ma'aikatar hanya, dusa ta rufe su a wani kwari kwana uku. Doña Fresia ce ta fita da rula. Tun daga nan yake cewa ta karkata ta, ita kuma tana cewa hassada ce ke cin sa.

Ranar Litinin na kai Ximena da uwarta, Erminda, gidan ƙanwata a Coyhaique, na dawo ni kaɗai saboda dabbobi. Ranar Laraba da hantsi dusa ta fara. Kafin la'asar hanya ta rufe.

Yanzu ga ni tsaye da shebur, ga allo fes a gabana.

Na shiga ɗakin ba tare da na karkaɗe takalmi ba. Yana kwance, an tallafe shi da filo uku, fuskarsa ta koma kamar takarda. Ya ga komai ta taga.

"Don Eleuterio, ka yafe mini. Ban sani ba."

Wayarsa na kan bargo tana ta ƙara. Na hango saƙonni suna shigowa. Wata malamar makaranta daga Balmaceda, Señora Uberlinda, ta rubuta talatin da huɗu. Chalo ya rubuta arba'in da ɗaya, ya ƙara da cewa ya janye maganarsa, a ba shi jakin ya hau. Wani ya rubuta, yana nufin Don Eleuterio: "Kaka fa? Kowa Kaka yake jira."

"Sai in auna a gefen allon," na ce. "Ai duk dusa ce."

"Akwai ta makon jiya a ƙasa," ya ce a hankali. "Ta danne, ta cakuɗe. Ba za ka san inda sabuwa ta fara ba."

"To mu ƙiyasta. Na ga tsawonta kafin in kwashe. Ta kai mini nan." Na nuna saman gwiwata.

"Gwiwarka ba rula ba ce." Ya rufe ido. "Fresia, ɗauko littafi. Ki ja layi a wurin, ki rubuta: ba a auna ba."

Doña Fresia ta ɗauko littafin, ta buɗe, ta riƙe fensir, amma ba ta rubuta ba. Na ga jerin lambobi daga sama har ƙasa, rubutunsa yana ƙara karkacewa daga wata zuwa wata, sannan nata ya karɓa. Mu uku mun san ba zai ga wata dusa irin wannan ba. Mai jinyar ƙauye ta faɗa wa Doña Fresia tun ranar Talata cewa kwanaki ne suka rage.

"Kada ki rubuta tukuna," na ce. "Saura minti ashirin."

"Me za ka yi da su?"

"Dole akwai wani wuri a ƙauyen nan da aka share jiya ƙarfe tara, ba a sake taɓawa ba."

Na fara lissafowa da ƙarfi. Rufin motata, amma na share shi da rana saboda tsoron kada gilashi ya tsage. Matakalar coci, amma mutane sun taka. Murfin rijiya, amma yana gindin bishiya. Duk abin da na ambata, ko ni na sake share shi jiya, ko bai dace ba. Ban taɓa jin haushin halina irin na ranar ba.

Sai Doña Fresia ta ajiye fensir.

"Teburinka."

"Wane tebur?"

"Na gasa nama, da ke bayan gidanka. Jiya ina share allo kana share shi. Har ka ce mini rediyo ya ce tara ta yi, na ce maka na fi rediyo sani. Ka sake taɓa shi?"

Ban sake ba. Na yi niyya da yamma, amma Erminda ta kira, na tsaya ina tambayarta ko Ximena ta ci abinci, ko ƙafarta ta kumbura, ko an sa mai a motar ƙanwata, har duhu ya yi.

Don Eleuterio ya buɗe ido ɗaya.

"Taku nawa ne daga bango?"

"Takwas. Ko tara."

"Takwas ko tara?"

"Tara."

"Bishiya?"

"Na sare ta bara. Na ji tsoron kada ta faɗo kan gida."

Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

"Katako ne ko ƙarfe?"

"Katako."

"Tsayinsa?"

"Ƙugu."

Ya kalli waje. Dusa na sauka a tsaye, ko hayaƙin bututun gidan da ke tsallake bai karkata ba.

"Ba a yi iska ba tun jiya," ya ce. "Da an yi, da ban yarda ba. Ba shi rula, tsohuwa. Wuri uku, Nibaldo. Kada ka kusanci baki. Ka soka ta a miƙe har ta taɓa katako. Ka durƙusa idonka ya yi daidai da dusar, kada ka karanta daga sama. Kuma ba kafin tara ba."

Tsakanin gidansa da nawa shingen waya ne kawai, amma ƙofar shingen ta binne. Na zaga ta titi. Babu titi, farin fili ne kawai da kawunan sandunan shinge. Kowane taku sai na ɗaga ƙafa da hannu na ciro ta. Rula na rataye a wuyana da igiyar fata. Doña Fresia ta biyo sawuna, ta saka takalman mijinta, tana riƙe da agogonsa a tafin hannu. Na ce ta koma saboda gwiwarta, ta ce in kula da tawa.

Da na buɗe ƙofar gidana, karena Mocho ya fito da gudu, ya nutse har wuya, ya fara tsalle-tsalle yana nufar bayan gida, inda ya saba kwanciya a ƙarƙashin teburin. Na faɗa kansa na rungume shi, muka birkice tare a cikin dusa. Na ja shi da wuya na mayar ɗaki na rufe.

Teburin na nan. Dusa ta hau kansa ta zauna lafiya lau, samanta sumul, kamar an ɗora katifa. Na tsaya nesa kaɗan, ina tsoron ko numfashina ya taɓa ta.

"Saura minti biyu," in ji Doña Fresia.

Muka tsaya muna jira.

"Yanzu."

Na soka a tsakiya. Rula ta shige a hankali har na ji ta taɓa katako. Na sunkuya idona ya yi daidai. Hamsin da tara. Na matsa hagu. Sittin. Na matsa dama. Hamsin da takwas.

"Nawa?"

"Hamsin da tara ke nan, in an daidaita."

Doña Fresia ta matso ta duba ramukan uku da kanta. Ta daɗe tana kallo. Dusa na taruwa a kan mayafinta.

"Nibaldo," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Ka ce masa sittin da biyu."

"Doña..."

"Santimita uku ne. Wa zai sani? Tebur ne ma, ba allo ba. Da a allo ne, wataƙila ta kai. Ka bar shi ya tafi da nasara. Ni me zan yi da sittin da ɗaya in ba ya nan yana mini gardama?"

Muka kama hanyar komawa, ina gaba tana baya. Duk hanyar ina juya maganar. Ni na ɓata masa allo. Abin da ta roƙa ƙarami ne, kuma ta fi ni sanin mijinta. A bakin ƙofarsu na riga na yanke cewa zan ce sittin da biyu.

Ɗakin ya yi ɗumi, yana ƙamshin itacen murhu da magani. Ya juyo da kai.

"Faɗa mini ukun, ɗaya bayan ɗaya."

Ban shirya wa wannan ba. Lamba ɗaya na tanada. Na buɗe baki in ƙirƙiro uku, sai idona ya faɗa kan littafin a buɗe a kan bargo, da sifili-sifilin nan na watannin bazara, waɗanda mutumin nan ya fita ƙarfe tara ya duba allon da babu komai a kai kafin ya rubuta su.

"Hamsin da tara," na ce. "Sittin. Hamsin da takwas."

Doña Fresia ta juya baya ta hau gyara itace a murhu.

"Hamsin da tara," ya maimaita. Ya kalli rufi. Na jira in ga ɓacin rai, ban gani ba. "Tsohuwa."

"Me?"

"Kin ci."

"Na daɗe da ci. Kai ne ba ka ji."

"Amma kin karkata ta."

"Ban karkata ba, tsohon banza." Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe.

Ya ce in ɗauki fensir. Na ce rubutuna ba shi da kyau, aji shida na tsaya. Ya ce lamba ce, ba wasiƙar soyayya ba. Na rubuta hamsin da tara. Ya sa na ƙara a gefe: an auna a teburin Nibaldo Oyarzún, taku tara daga bango, babu iska. Ya sa na karanta masa sau biyu.

"Yanzu je ka ɗora allon a kan sabuwar dusa. In ka bar shi a rami, gobe ƙarya zai faɗa. Kuma ka nemo doguwar sanda ka ɗaura ƙyallen, saboda masu shebur."

Na fita na yi. Da na ɗago kai yana kallo ta taga. Ya ƙwanƙwasa gilashi da farce, ya nuna gefen hagu. Na danna gefen har allon ya daidaita. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

Doña Fresia ta tura lambar a zauren. Wayar ta yi ta ƙara har azahar. Ta karanta masa wasu. Señora Uberlinda ta ce za ta nuna wa ɗalibanta. Chalo ya ce tebur ba ya cikin doka, a sake wasa. Don Eleuterio ya ce a rubuta masa cewa har yanzu jaki ne. Ya tambaye ni lafiyar Ximena, na ce tana lafiya, ba ta haihu ba tukuna, likita ya ce sai mako mai zuwa. Ya ce to in daina zagaya ɗaki ina sa masa jiri.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ina faskara musu itace a rumbu, Doña Fresia ta fito bakin ƙofa. Ba ta kira ni ba. Ta tsaya kawai, hannunta a cikin aljihun rigar girki. Na ajiye gatari, na san ya rasu.

Hanya a rufe take, fada, limamin coci, ba zai iya zuwa ba, mota ba za ta iya shigowa ba. Matan unguwa suka zo ta hanyar da na haƙa, ɗaya bayan ɗaya, da kyandir da burodi. Aka gyara shi a kan gadonsa. Wata ta ce a ja labule, Doña Fresia ta ce a bar taga yadda take. Ni da maza biyu muka haƙa hanya har ƙofar coci kafin duhu, don ranar da katafila za ta iso.

Washegari na tashi da wuri. Na ba dabbobi ciyawa, na kira Erminda na faɗa mata, ta yi kuka, ta ce kada in faɗa wa Ximena tukuna. Na ɗauki tsintsiya na nufi bayan gida yadda na saba. Ramukan uku na nan a kan teburin, sun fara cikewa. Na jingine tsintsiyar a bango.

Saura minti biyar tara ta yi na shiga tsakar gidansu. Rula na rataye a ƙusa a bakin ƙofa, ta waje, inda ba a taɓa rataye ta ba. Littafin na kan dakali cikin leda, da fensir. Na ɗauka na bi gefen hanya, na tsaya nesa kaɗan da jan ƙyallen.

Doña Fresia na tsaye a taga, kyandir na ci a bayanta. Agogonsa na hannunta. Muka jira. Ta ɗaga kai, ta ƙwanƙwasa gilashi sau ɗaya.

Na durƙusa. Bakwai. Bakwai. Shida. Na rubuta bakwai a ƙarƙashin hamsin da tara. Na ɗaga allon na share shi da hannun rigata, na ɗora shi a kan sabuwar dusa, na danna gefen hagu. Kafin in miƙe, 'yan ƙwayoyi uku ko huɗu sun riga sun sauka a kansa.